Injin da ke sauraron ƙafa

Talata 8 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Kwana shida ke nan da aka sallamo ni daga likita, wato asibiti. Hannun dama yana rubutu kamar da, ga shi nan, ko ɗigo bai karkace ba. Saboda haka ban ga dalilin da ya sa kowa ke yi mini magana da ƙarfi yana jan kalmomi, kamar ana koya wa baƙo Hausa ba.

Fiddausi ta kira daga Yamai. Ɗiyata ce, a cinyata ta koyi haruffa, yau ita ke karanta mini hukunci. Ta ce ranar Asabar 2 ga Nuwamba za ta zo da mota ta tafi da ni, har ta gyara ɗaki. Na ce ina da gida a Tawa. Ta ce, "Baba, gida ba ya kai mutum likita." Muka yi ta ja. Daga ƙarshe ta ce in ta zo ta tarar ina kai kaina masallaci da wurin awon jini, ba wanda ya ɗauke ni, ba wanda ya riƙe ni, za ta koma ita kaɗai. Ta faɗi haka ne don ta tabbata ba zan iya ba. Na ji a muryarta.

Makullin moto, babur ɗina, yana hannun Raƙiya, ƙanwata, wadda aka ɗauko daga Affala ta zo ta yi mini girki da gadi. Ta ƙulle shi a bakin zane. Lokotoron da ya duba ni ya ce moto ya yi mini nauyi. Nauyi! Shekara talatin ina hawansa.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar nan a fada, wurin hirarmu, ba. Mutum goma sha ɗaya suka gani, ya isa.

Laraba 9, bayan azahar

Kofin shayi ya sake faɗuwa. Kofin ne ke da santsi.

Juma'a 11, ƙarfe biyar na yamma

Na sa an fito da kekena daga ɗakin ajiya, wanda na saya shekarar da aka haifi Fiddausi. Ƙarfensa lafiya lau, ba irin gwangwanin da ake sayarwa yanzu ba. Aka ɗora shi a adaidaita muka tafi wajen Idi mai gyaran keke da moto, bayan babbar kasuwa, don an ce yana sa wa keke injin batir.

Idi ɗalibina ne a lakwal ta Affala, makarantar firamare, lokacin ina sabon mushe, wato malamin boko. A zamanin nan duk yaron da ya yi Hausa cikin aji sai a rataya masa sambol, wani ƙashin jaki da igiya, ya yini da shi a wuya. Idi ya fi kowa rataya shi. Ni ne kuma na rubuta a takardarsa cewa kansa ba na karatu ba ne. Yanzu ya yi furfura, har da jikoki.

"Mushe Ma'azu! Kai na da kanka? An ce mini ka..." Ya dubi bakina, ya tsaya. "An ce ka ɗan yi masassara."

"Masassara ce."

"To Allah shi ƙara sauƙi. In yi Hausa, ko akwai sambol cikin aljihu?"

Ban yi dariya ba. Shi ya yi, ta ishe mu mu biyu.

Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya ajiye injuna biyu. Na farko dunƙulalle ne kamar kwanon tuwo mai murfi. "Wanga cikin cibiyar ƙahwar keke yake zama. Ka murɗa totur, shi tahi da kai kamar jaki mai hankali. Ba ruwanshi da sarƙa, ba ruwanshi da giya. Amma kan tudu da cikin rairayi zahi yake ɗauka, sai ka tsaya shi huce." Ya taɓa na biyun da ɗan yatsan ƙafa. "Wanga kuwa tsakiya yake zama, wurin feda. Sarƙa yake ja, duk giyar da ka sa da ita yake aiki, shina hawan dutsi kamar akuya. Sai dai wanga nawa ba shi da totur. Ƙahwarka yake saurare. Ka taka kaɗan shi ba ka kaɗan, ka taka da ƙarhi shi ninka maka."

Na san wannan duka. Shekara ashirin da shida na yi ina koyar da fizik a kwaleji, da alli, ga yara masu gyangyaɗi. Na ce masa zan yi lissafi in dawo. Ya ce, "Yi, Mushe. Ni kaina ba na karatu ba na."

Ashe bai manta ba.

Asabar 12, da hantsi

Na cika shafi huɗu. Garkata tana kilomita bakwai daga nan, hanyar Bambeye. Kafin a isa akwai ƙorama mai rairayi, sannan tudun marmara. Mangwaro goma sha huɗu da lemu shida, duk da hannuna na dasa su. Na haɗa nauyina da na keke da na batir, na kimanta tsayin tudun. Injin cibiya zai kai rabi ya shaƙe. Na tsakiya zai haye yana hamma. Babu gardama a ciki.

An tura mu karatu Yamai da kuɗin gwamnati, an ce mu za mu gina ƙasa. Wasu abokan ajina sun gina benaye. Ga ni ina lissafin yadda zan hau tudu guda.

Raƙiya ta leƙo da tsintsiya a hannu. "Yaya, wanga lissahi na mi na? Ɗiyarka masallaci ta ce da likita, duk hanya shimhiɗe. Wa ya aike ka garka?"

Na ce mata mutumin da iyakarsa masallaci da likita, jira kawai yake yi. Ta ce, "Kowa jira yake yi," ta ci gaba da shara.

Litinin 14, ƙarfe sha ɗaya

Na gaya wa Idi na tsakiya nake so. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Mushe, ɗan saki sandar nan ka tsaya da ta hagu, in gani."

"Kai lokotoro ne?"

"A'a. Amma shi wanga inji lokotoro na, kuma ba shi da kunya."

Na ce ya sa abin da na ce. Na faɗe shi da Faransanci, don ya tuna wa ke magana da wa. Ya ce, "Wi, Mushe," ya ɗauki sifana.

Talata 15, la'asar

Madubin ɗaki ba shi da kyau. Tun da can yana karkata fuska. Na daina aski.

Alhamis 17, ƙarfe shida na yamma

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Idi ya gama. Ya ɗaure batir a kan ƙarfen tsakiya, ya sauke sirdi ƙasa ba tare da na ce ba. Na hau a layin da ke gaban rumfarsa, mai tsire da masu facin taya suna kallo. Na taka ta dama. Injin ya yi kuka, wuuu, keke ya zabura kamar an tsikare shi, iska ta daki fuskata, na ji kamar ina shekara arba'in. Sai feda ta juyo, ta hagu ta zo sama. Na taka.

Shiru.

Na taka, na rantse na taka. Injin bai ce komai ba. Keken ya yi sanyi har ta dama ta sake zuwa. Wuuu. Shiru. Wuuu. Shiru. Haka na tafi har ƙarshen layi na dawo, ina zabura ina lafawa, duk unguwa tana ji. Wata huɗu zan iya yi ina ɓoye ƙafar nan cikin babbar riga, ina cewa sanda ta ado ce. Ƙarfe ya tona ni cikin minti biyu.

Na sauka na ce wa Idi abin awon da ke cikin injin ya lalace, gefe guda kawai yake ji. Ya karɓi keken. Ya hau, ya tafi, ya dawo, injin yana kuka ɗaya santal babu yankewa. Ya jingine keken ya sunkuyar da kai. Da ma ya yi mini dariya.

Mai tsire ya juya baya yana ta fifita wutar da ba ta bukatar fifita.

Juma'a 18, bayan sallah

Ban je masallaci ba. Na yi azahar a ɗaki, a zaune.

Lahadi 20, da safe

Ƙafa motsa jiki kawai take so. Ina zagaya tsakar gida da keken, sau ashirin da safe, sau ashirin da yamma. Jiya na ji ta hagu ta sa shi ya ɗan yi ƙara. Na tambayi Raƙiya ko ta ji. Ta ce tana daka, ba ta ji ba.

Wuuu. Shiru. Ko ina cin abinci ina jin sa.

A hanya shimfiɗaɗɗiya ƙarfin ta dama yana isa ya kai ni zagaye na gaba. Ai tudu ma hanya ce. In na shigo shi da gudu a ƙaramar giya, lissafi ya nuna zai yiwu.

Talata 22, ƙarfe huɗu na yamma

Na dawo.

Wandon ya yage a gwiwa. Agogo ya fashe, ya tsaya a tara da minti ashirin. Keken yana zaure, fedar hagu ta lanƙwashe.

Raƙiya ta tsaya a kaina tana tsince ƙaiƙayin hatsi daga hulata da wuyan rigata, ɗaya bayan ɗaya, tana zubawa a tafin hannunta. Ba ta tambaye ni yadda aka yi mutumin da ya fita bisa keke ya dawo kwance a kan dammunan hatsi cikin amalanken jaki ba. Ta dai fita ta kai wa mai amalanken fura, ta yi masa godiya har sau uku.

Daga inda na faɗi a tudun ana hango kan mangwarorin. Na daɗe ina kallonsu. Rana ta tashi daga kafaɗata ta koma tsakiyar kaina kafin wani ya biyo hanyar.

Abin da lissafina bai sa ba: in keke ya tsaya a tsakiyar tudu, dole ƙafa ɗaya ta sauka ta riƙe shi, kuma ba mutum ke zaɓar wacce ba.

Laraba 23

Ba komai.

Alhamis 24, ƙarfe tara na safe

Fiddausi ta kira wayar Raƙiya. Ina kwance ina ji ta taga. Na jira ta faɗa. Sai na ji tana cewa, "Lahiya lau yake, ɗiyata. Jiya ma ya ci tuwo malmala biyu. Hita? A'a, ina za shi?"

Raƙiya, wadda ko goro ba ta iya ɓoyewa a baki. Da ta shigo na dube ta. Ta ce, "Kar ka dube ni. Ba don kai na yi ba. In anka ruhe gidan ga, in na zo Tawa ina zan sauka?" Ta ajiye kunu da ƙarfi har ya fantsama. Idanunta sun yi ja.

Saura kwana tara.

Asabar 26, bayan la'asar

Idi ya zo gida. Ya cire takalmi a bakin zaure, ya zauna a ƙasa, ko da yake na nuna masa kujera. Labari ya kai masa, mai amalanken a kasuwa yake sauke kaya.

Ya ce laifinsa ne, da ya sani da bai sa injin ba. Na ce ni na ba da oda. Ya ce, "Shi ke nan, Mushe, mun raba."

Na ce to ya cire, ya sa mini na cibiya, mai totur, wanda ba ya tambayar ƙafar kowa. Na ɗauka na gama sauka ƙasa da na faɗi haka. Ashe da saura.

"Zan sa. Amma ba bisa wanga keke ba. Totur na kai ka, ba ya tsai da kai. Ran da akuya ta gitta maka bakin kasuwa ka ja birki, wace ƙahwa za ta sauka?" Ya gyara zama. "Akwai wani ƙarhe wajena, mai ƙahwa uku. In cire abin juyawa da hannu, in sa inji cikin ƙahwar gaba, in sa totur hannun dama. Ko ka yi barci bisanshi ba ya hwaɗuwa."

Na ce, "Keken guragu."

"Ni ban ce ba."

"Irin wanda suke zama a kai bakin tasha suna miƙa hannu."

"Wasu na miƙa hannu, wasu na saida katin waya, akwai mai ɗinkin takalmi. Keke dai bai san mi kake yi bisanshi ba."

Na ce masa ni Ma'azu na riƙe alli shekara talatin da huɗu, rabin ma'aikatan garin nan sun bi ta gabana. Ya ce, "Har da ni. Shi ya sa na zo da kaina." Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Ya tashi, ya sa takalmi. Daga bakin ƙofa ya ce, "Ƙashin jakin nan, Mushe, ranar farko yake da nauyi. In an kwana biyu wuya na sabawa."

Ya fita. 

Lahadi 27

Keken guragu. Na rubuta don in ga yadda yake a takarda.

Litinin 28, bayan azahar

Na gwada zuwa masallaci da sanda. Taki ɗari uku da arba'in. Na zauna sau biyu a dakalin mutane. Da na isa an sallame. Liman ya kamo hannuna na hagu ya dawo da ni gida, yana ta ba ni labarin wani kawunsa da ya warke sarai. Ban tambaye shi daga me ba.

Likita ta fi masallaci nisa sau goma.

Na ce wa Raƙiya ta aika wa Idi. Ta ce, "In ce mi?" Na ce ta ce ya kawo.

Laraba 30, ƙarfe biyar na yamma

Idi ya kawo keken. Ya shafa masa baƙin fenti, ya sa mazauni mai jingina. Ya ce fentin kyauta ne, don a bambanta mushe da sauran jama'a.

Na murɗa totur. Babu zabura, babu shiru, tafiya kawai, kamar ruwa a lambatu. Na je masallaci kafin a ta da iƙama. Mutanen da suka saba ce mini "Mushe, ina gajiya" yau "Sannu, Malam, sannu" suke cewa, da wata murya mai laushi da ban taɓa ji an yi mini ba. Wani ya gyara mini takalmi.

Da yamma na gwada bakin ƙoramar da ke bayan unguwa. Ƙafar gaba ta yi ta juyawa tana watsa rairayi, ba ta ci gaba ko taki ɗaya ba, murfin injin ya yi zafi ba ya taɓuwa. Idi ya riga ya gaya mini. Garka ta fita daga hannuna. Zan ba wani ya riƙa ban ruwa, a riƙa kawo mini mangwarona a kwando kamar baƙo.

Juma'a 1 ga Nuwamba, da hantsi

Na kai kaina awon jini. Ma'aikaciyar ta leƙa bayana tana neman wanda ya kawo ni. Na sa ta buga hatimi a katin, da kwanan wata.

Asabar 2, ƙarfe shida na yamma

Na ce ba a gida za ta same ni ba. Tun ƙarfe ɗaya na sa malafa na tafi mashigar gari, inda motocin Yamai ke tsayawa a duba takardu. Inuwa ɗaya ce a wurin, ta wani itacen bedi, kuma akwai masu irin kekena guda uku a ƙarƙashinta. Na tsaya daga gefe. Ɗaya ya gangaro, ya ce sunansa Ciɗo. Ya zagaya ni yana duban ƙafar gaba.

"Baba, wanga ba a juya shi da hannu?"

"Batir ne."

"Iko sai Allah. To amma in sabon zuwa kake, nan gehen na motocin Agadas na, ba su ba da komi."

Na ce ɗiyata nake jira. Ya ce, "Duk haka muke cewa da farko."

Wajen ƙarfe uku na hango farar motarta. Direba ya tsaya a layi. Na murɗa totur na matsa har jikin tagar baya. Tana waya, kanta a juye. Na ɗaga hannun dama in ƙwanƙwasa gilashi, sai gilashin ya sauka da kansa. Ba ta daina magana ba. Ta laluba jaka, ta miƙo hannu waje, ta sa mini ƙarfen kuɗi a tafi. Sadakar sauka lafiya. Ni na koya mata, tun tana ƙarama, duk tafiyar da muka yi.

Hannuna ya rufe a kansa. Ban san dalili ba.

Ta ce, "A yi mana addu'a, baba," sannan ta juyo.

Na ga wayar ta zame daga kunnenta ta faɗa cinya. Bakinta ya buɗe, bai rufe ba. Ta dubi malafar, ta dubi gemun, ta dubi ƙafafu uku. Ba ta ce Baba ba. Wani sauti ta yi, ƙarami.

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na juya na hau kwalta.

Na shiga gabansu, tsakiyar hanya. Tun daga mashigar gari har ƙofar gida motar tana bayana, a hankali, kamar masu rakiya. 'Yan kabu-kabu suna ta oda suna zagi. Direban bai wuce ni ba, ina jin ita ta hana. Na bi ta gaban masallaci da gangan. Na bi ta gaban likita, ko da yake ba hanya ba ce.

A zaure ta durƙusa ta riƙe gwiwata, ta hagun, tana kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa. Na ba ta katin awo mai hatimi. Ba ta duba ba.

"Baba, don Allah ba ni kuɗin nan."

"Ke kika ba ni, na karɓa."

"Wallahi ban gane ka ba."

"Na sani. Ni ma wata guda na yi ban gane ba." Na ɗaga hannunta daga gwiwar, don ba na jin sa sosai a wurin, kuma ba na so ta lura. Sai na fasa, na mai da shi. Na ce, "Ɓarin nan ya shanye, Fiddausi. Ba zai dawo duka ba. Amma wa ya ɗauke ni yau? Wa ya riƙe ni?"

 Raƙiya tana bakin ƙofar madafa da ludayi, ta kasa shiga ta kasa fitowa.

Fiddausi ta ce, "Ba kowa."

Lahadi 3, ƙarfe takwas na safe

Akwatuna biyu ta zo da su don kayana. Direba ya mai da su bayan mota da hannu ɗaya, babu komai a ciki.

Na raka su har kwalta. A nan ta ce in koma, rana ta fara zafi. Na ce zan koma in na ga dama.